YADDA SAƘO ƊAYA KE ISA GA JAMA'A MASU YAWA A HANYOYIN KWAMFUTA

Gabatarwa

Tun da aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a shekarar 1916, daga baya kuma aka sada ta da ta Arewa, yawan Hausawa mazauna garuruwan Gabas yake ta ƙaruwa. A Inugu akwai unguwar da 'yan ƙasa ke kira Ama Hausa. A Anaca ana samun fatake a bakin Gadar Kwara, wadda aka gama a shekarar 1965, da kewayen babban masallacin da ke Hanyar Bida. A Fatakwal kuwa suna nan cikin tsohon gari da Diobu, har zuwa Oyigbo. Kowane gari da Sarkin Hausawansa.

Duk mutumin da ke zaune nesa da gida, kunnensa yana gida. A dā akan ba direban babbar mota wasiƙa, a kama Rediyon Kaduna da dare, a jira isowar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Daga shekarar 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya, al'amarin ya sake. Yau da azumi ya kama, dubban mutane a waɗannan unguwanni sukan buɗe waya a lokaci guda domin su ga tafsirin da ake yi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Sau da yawa kuwa sai hoton ya tsaya cik, muryar ta riƙa yankewa. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne cunkoso: abu guda ne ake aikawa sau dubu ta hanya ɗaya.

Wannan ɗan littafi zai bayyana wata dabara da masana suka ƙago domin maganin irin wannan cunkoso, da ƙa'idar da ke tsare dabarar kada ta zama ɓarna.

Yadda Saƙo Ke Tafiya

Abin da ake aikawa ta intanet, ko rubutu ne ko murya ko hoto, ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki ya zama ƙunshi guda, wanda galibi ba ya wuce bayit 1,500. A goshin kowane ƙunshi akwai adireshi biyu, na mai aikawa da na mai karɓa, dukansu kuwa lambobi ne.

A duk inda wayoyi suka haɗu akwai wata na'ura da ma'aikata ke kira rauta, watau na'urar mararraba. Tana da ƙofofi, kowace ƙofa tana fuskantar wata hanya, tana kuma da jadawali wanda ke nuna ƙofar da ta fi kusa da kowane adireshi. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tashar mota. Ba lalle ne ya san gidan da kaya za su ba, amma ya san motar da ta kamata a ɗora su. Idan ƙunshi ya iso, na'urar takan duba adireshin mai karɓa, ta duba jadawalinta, ta fitar da shi ta ƙofar da ta dace. Haka zai yi ta wucewa daga mararraba zuwa mararraba har ya isa.

Hanyoyi Uku Na Aikawa

Hanya ta fari ita ce aikawa ɗaiɗai, kowane mai karɓa da nasa kwafi tun daga tushe. Kusan duk abin da jama'a ke yi da waya a yau ta wannan hanya yake bi.

Hanya ta biyu ita ce shela, watau a aika wa kowa da kowa, da mai so da wanda bai nema ba. Wannan tana yiwuwa a cikin gida ɗaya ko ofis ɗaya, amma na'urorin mararraba ba su barin shela ta ƙetare su, gama da za a bari, da intanet ta cika da hayaniya.

Hanya ta uku ita ce aikawa ga rukuni, wadda masana ke kira maltikas. Mai aikawa yakan fitar da kwafi ɗaya rak, ba a kuwa ƙara wani kwafi sai inda hanya ta rabu, kuma sai idan akwai mai bukata a wannan reshe.

Duk direban da ya taso daga Kano ya biyo ta Makurɗi ya san mararrabar Mil Tara da ke kusa da Inugu, inda hanyar Anaca ta rabu da wadda ta shiga Inugu ta zarce Fatakwal. A ƙaddara wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Kano tana son sanar da 'ya'yanta 300 wani labari, 100 a kowane gari. Tana iya rubuta wasiƙa 300 ta cika jakar direba. Tana kuma iya rubuta guda ɗaya, idan an kai Mil Tara a kwafe ta a ba motar Anaca, a Inugu a sake kwafewa a ba motar Fatakwal, sa'an nan wakilin kowane gari ya raba wa mutanensa. Labari ɗaya ne ya isa, amma nauyin da aka ɗora wa doguwar hanya ba ɗaya ba ne.

Lissafi zai ƙara fito da bambancin. A ɗauka hoton tafsiri yana cin megabit 2 a kowace daƙiƙa, masu kallo kuwa 3,000 ne, 1,000 a kowane gari. Ta hanyar ɗaiɗai, babbar wayar da ta taso daga Kano zuwa Inugu tilas ta ɗauki megabit 6,000. Ta hanyar rukuni megabit 2 kawai za ta ɗauka, ko da masu kallo sun kai miliyan. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura, datar da kowane mai kallo ke ci a wayarsa ba ta raguwa. Abin da ke raguwa shi ne cunkoson babbar hanya.

Yadda Ake Shiga Rukuni

Rukuni yana da adireshinsa. A tsarin adireshi na huɗu, wanda har yanzu ake amfani da shi ƙwarai, an keɓe lambobi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255 domin wannan aiki, jimlarsu 268,435,456. Adireshin rukuni ba ya nuna gida ko gari. Ya fi kama da zangon da ake kama tashar rediyo a kansa: duk wanda ya murɗa ya kai nan zai ji.

Idan kwamfuta tana son shiga, takan gaya wa na'urar mararraba mafi kusa da ita ta wani tsari mai suna IGMP. Ita kuma na'urar takan yi cigiya a kai a kai, bisa al'ada kowace daƙiƙa 125, ko har yanzu akwai mai saurare. Idan aka yi shiru, sai ta daina kawo saƙon wannan rukuni. Mai aikawa bai san sunan kowa ba, bai kuma san yawansu ba.

Haɗarin Kewaye

A nan ne wata matsala take ɓullowa. Tun da adireshin rukuni ba wuri ba ne, jadawalin na'urar ba zai gaya mata ƙofa ɗaya da za ta bi ba. Abu mafi sauƙi shi ne ta fitar da kwafi ta kowace ƙofa, ban da wadda saƙon ya shigo ta cikinta. Wannan sauƙi kuwa yana da haɗari.

Garuruwan nan uku zaune suke kamar duwatsun murhu. Akwai hanya daga Inugu zuwa Anaca, akwai daga Inugu zuwa Fatakwal, akwai kuma wadda ta taso daga Anaca ta bi ta Owerri ta shiga Fatakwal. A ƙaddara wayoyin sadarwa ma haka aka shimfiɗa su, kowane gari da na'urarsa. Da gangan injiniyoyi ke yin irin wannan zobe, domin idan waya ɗaya ta yanke a sami ta biyu.

To, ƙunshi ya iso Inugu daga Kano. Inugu ta aika wa Anaca, ta aika wa Fatakwal. Anaca ba ta san Fatakwal ta samu ba, sai ta tura mata. Fatakwal ma ta tura wa Anaca. Yanzu kowace ta sami kwafi na biyu, kowace kuma sai ta miƙa shi ta ƙofar da ta rage, watau ta Inugu. Inugu ta karɓa ta sake turawa gaba. Ta haka kwafi biyu za su yi ta zagaya zoben, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, masu kallo suna ta samun maimaici.

Gaskiya ne kowane ƙunshi yana ɗauke da wata lamba ta wa'adi, wadda ba ta wuce 255, kowace mararraba tana rage ɗaya, idan ta ƙare a zubar da shi. Amma kafin ta ƙare ya yi zagaye da yawa, ga kuma ɗaruruwan sababbin ƙunsoshi suna shigowa kowace daƙiƙa. A inda mararrabu suka yi yawa kuwa, kwafi yakan haifi kwafi har hanya ta toshe gaba ɗaya, saƙon banki da na asibiti da na kowa ya rasa wurin wucewa.

Ƙa'idar Duban Hanyar Komawa

Maganin wannan ita ce ƙa'idar da aka taƙaita sunanta da haruffan RPF, watau duban hanyar komawa. Maimakon na'urar ta dubi inda saƙo za shi, sai ta dubi inda ya fito. Takan ɗauki adireshin mai aikawa, ta buɗe jadawalinta, ta nemi ƙofar da ita kanta za ta bi in da za ta aika masa amsa. Idan ta wannan ƙofa ƙunshin ya shigo, ta karɓe shi ta rarraba. Idan ta wata ƙofa dabam ya shigo, ta zubar da shi nan take.

A koma ga misalin. Jadawalin Anaca ya nuna hanyar Kano ta Inugu take. Saboda haka kwafin da ya zo daga Inugu karɓaɓɓe ne, wanda ya zo daga Fatakwal kuwa a zubar. Fatakwal ma haka za ta yi wa kwafin Anaca. Inugu kuma ba za ta karɓi saƙon Kano ba sai ta ƙofar Arewa. Kowane gari ya sami kwafi ɗaya, zagaye ya mutu tun bai fara ba.

Ko a zaman duniya haka mai hankali yake yi. Idan Sarkin Hausawan Anaca ya san wasiƙun Kano ta motar Inugu suke zuwa, ranar da wani ya kawo masa irin wannan wasiƙa daga wajen Owerri, ya san labari ne da ya riga ya zagayo, ba zai sa a sake shelarsa ba.

Amfanin ƙa'idar shi ne ba ta bukatar na'ura ta tuna duk ƙunshin da ta taɓa gani, ba ta kuma bukatar wani babban ofis mai ba da umurni. Kowace mararraba da jadawalin da take da shi tun asali take yanke hukunci. Tun da kowace tana da ƙofa ɗaya tak da take karɓa, hanyoyin da saƙon ke bi sukan zama kamar itace: saiwa a wurin mai aikawa, rassa suna ta rabuwa, ba reshen da ke komawa ya haɗu da ɗan'uwansa.

Idan Waya Ta Yanke

A ƙaddara masu aikin hanya sun tsinke wayar Inugu zuwa Anaca. Na'urorin sukan gane haka, su gyara jadawalinsu da kansu. Yanzu hanyar Anaca zuwa Kano ta koma ta Fatakwal. Ƙofar da ɗazu ake ƙin saƙonta ita ce ta zama karɓaɓɓiya, tafsiri ya ci gaba bayan ɗan tsaiko.

Akwai kuma lahanin da ma'aikata suka fi gamuwa da shi. Idan aka tsara hanyoyi ta yadda saƙon rukuni ke zuwa ta wata ƙofa alhali jadawali yana nuna wata, na'urar za ta yi ta zubar da saƙo na gaskiya. Waya lafiya, na'ura lafiya, amma ba hoto. Don haka ne idan saƙon rukuni ya ƙi isa, abin da gwanin ma'aikaci ke fara bincikawa shi ne ƙofar komawa.

Yadda Ake Tsayar Da Rassa

Hana zagaye bai isa ba, sai an hana saƙo zuwa inda ba a bukatarsa. Dabaru biyu ne aka sani.

Ta fari ita ce a malala sa'an nan a sassabe. Akan tura saƙon ko'ina tukuna. Na'urar da ba ta da mai saurare ko ɗaya takan aika baya ta ce a sare reshenta. Bayan wani lokaci saran yakan ƙare, a sake malalawa, domin ko wani ya shigo. Wannan ta dace da wurin da kusan kowa ke so, amma tana da ɓarna idan masu so kaɗan ne a warwatse.

Ta biyu ita ce kada a kawo sai an nema. Idan mutum ɗaya a Diobu ya shiga rukuni, na'urar Fatakwal takan aika takardar nema ta ƙofar komawa, mararraba bayan mararraba, kowace tana rubuta cewa wannan reshe yana so. Idan neman ya tarar da mararrabar da saƙon ke wucewa ta cikinta tun dā, nan zai tsaya, a buɗe masa reshe. Akan sabunta neman kowane minti ɗaya, in an daina, reshen ya bushe. Tsarin da ake kira PIM, wanda aka fi amfani da shi a yau, yana da wannan salo.

Amma yaya mai nema zai san inda mai aikawa yake? Akan zaɓi wata na'ura ta zama mahaɗa. Matsayinta kamar na fatoma ne a zango, wanda baƙon da ya kawo shanu yake sauka wurinsa, mai saye ma wurinsa yake zuwa. Mai aikawa yakan kai saƙonsa mahaɗa, masu nema su nufi can. Da zarar ƙunshin fari ya iso, na'urar mai karɓa ta ga adireshin tushe, tana iya neman hanya mafi kusa kai tsaye ta bar ta mahaɗa.

Taƙaitaccen Tarihi

Masana biyu a Amurka, Yogen Dalal da Robert Metcalfe, su ne suka bayyana ƙa'idar duban hanyar komawa a shekarar 1978. Steve Deering na Jami'ar Stanford ya ɗora a kanta, ya tsara aikawa ga rukuni a intanet daga shekarar 1985, aka tabbatar da tsarin a 1989. A watan Maris na 1992 aka watsa muryar wani taron injiniyoyin intanet daga birnin San Diego zuwa wurare 20 a nahiyoyi uku ta wannan hanya.

Inda Ake Amfani Da Ita Da Inda Ta Tsaya

Kada mai karatu ya zaci duk abin da yake kallo a waya ta wannan hanya yake zuwa. Rukunin WhatsApp, alal misali, ba shi ne rukunin da ake nufi a nan ba: wayar mai aikawa takan kai saƙo ga kwamfutar kamfanin, ita kuma ta aika wa kowa ɗaiɗai. YouTube da Facebook ma ɗaiɗai suke aikawa, sai dai sukan ajiye kwafi a rumbuna kusa da jama'a domin rage tafiya.

Dalilan haka uku ne. Na fari, kowa a lokaci ɗaya yake karɓar saƙon rukuni, saboda haka bai dace da wanda ke son kallo a lokacin da ya ga dama ba. Na biyu, idan ƙunshi ya ɓace a hanya, bisa asalin tsarin ba a sake aiko shi. Na uku, tilas kowace mararraba a kan hanya ta yarda ta riƙe lissafin rukunoni, kamfanoni dabam dabam kuwa ba su cika yarda su ɗauki wannan nauyi domin juna ba.

Saboda haka dabarar ta fi ƙarfi a cikin hanyoyin da ke hannun hukuma ɗaya ko kamfani ɗaya. Da ita kamfanonin da ke kai talabijin ta wayar intanet suke raba tashoshi, da ita manyan kasuwannin hannun jari na duniya suke sanar da farashi ga dillalai a lokaci guda. Da ita na'urorin mararraba suke gaisawa da juna, da ita kuma waya take gano na'urar buga takarda a cikin ofis. Sabon tsarin adireshi na shida ma ya soke shela gaba ɗaya, ya maye gurbinta da aikawa ga rukuni.

A Nijeriya akwai wuraren da irin wannan ilmi zai yi amfani. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa a shekarar 2006, tana da rassa a Ikko da Abuja da Kano da Inugu da Fatakwal, domin saƙon gida ya riƙa tsayawa a gida. A shekarar 2014 kuma aka buɗe hanyar NgREN wadda ta haɗa jami'o'in tarayya 27. Lacca ɗaya da za a watsa wa ɗalibai a jami'o'i da yawa a lokaci guda ita ce ainihin irin aikin da aka ƙago dabarar dominsa.

Maganin Adireshin Ƙarya

Ƙa'idar duban hanyar komawa ta sami wani aiki na biyu. Miyagun mutane sukan aika ƙunsoshi da adireshin ƙarya a gurbin na mai aikawa, domin su ɓoye kansu ko su jawo ambaliyar amsoshi a kan wani bawan Allah har hanyarsa ta toshe. Idan na'urar kamfani tana duban hanyar komawa ga kowane ƙunshi, wanda ya fito daga Anaca yana da'awar daga Ingila yake ba zai wuce ƙofar fari ba. Tun shekarar 2000 injiniyoyin intanet suka fitar da shawara cewa kowane kamfani ya riƙa tace adireshin abokan cinikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

Duk wannan hikima a kan waya take tafiya. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da 'yan kasuwa a Nijeriya suka sha wahala kwana da kwanaki. A cikin ƙasa kuwa, haƙa ba bisa ƙa'ida ba da satar kayan aiki su ne ke yawan tsinke wayoyi. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Saboda haka ana jawo hankalin jama'a ga abubuwa uku:

1. Duk mai niyyar haƙa rami ko tushen gini a bakin hanya, ya nemi sanin ko akwai waya a binne kafin ya sa diga.

2. Shugabannin unguwanni da na kasuwanni su gargaɗi masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su karɓi waya ko batirin da ba a san asalinsa ba, su kuma kai rahoto ga hukuma.

3. Iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwar koyon aikin hanyoyin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha, gama na'urar mararraba ba ta yin daidai sai da ma'aikacin da ya san yadda ake tsara ta.